Injiniya a Ƙofar Ɗakin Suruka

Muntasir ya zo neman 'yata Nana Khadija ranar wata Lahadi, tsakiyar damina, da jakar kwamfuta a kafaɗa da biro uku a aljihun gaba. Nana bazawara ce. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, tana koyarwa a wata firamare a nan Samaru. Ta faɗa wa uwarta tana son mutumin, uwarta ta faɗa mini, ni kuwa na ce sai na gan shi.

Ya durƙusa a zaure ya gaishe ni sau uku. Na amsa sau ɗaya. Tambaya ɗaya nake yi wa mai neman aure, ita na yi masa.

"Mene ne sana'arka?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya dubi tsohuwar talabijin da ke kan tebur a kusurwa. Sai ya gyara murya.

"Injiniya ne ni, Baba."

"Na me?"

"Na duk abin da ke da waya. Baba, wannan talabijin taka ai kaɗaici ne ke damunta. Duniya ta wuce nan. Yanzu akwati ɗaya ake sawa a gida, ya riƙa kamo shirye-shirye daga sama yana ajiyewa, ko kana gida ko kana kasuwa. Sai a ja waya zuwa kowane ɗaki. Kai kana zaure kana kallo, Inna tana ɗakinta tana kallo, har wayar hannu ta kama. Na yi wa farfesoshi da yawa. Akwai wanda ya yi kuka."

"Kukan me?"

"Na daɗi, Baba."

Matata Fatsuma tana bayan ƙofar zaure, inda take tsayawa in tana son jin abin da ba a kira ta ba. Ta yi tari, na leƙa. Ta raɗa mini cewa akwai wasan kwaikwayo da ake nunawa ranar Juma'a bayan la'asar, daidai lokacin da take Islamiyya. Wata biyu yana wuce ta, maƙwabta kuma kowace da irin labarin da take ba ta.

Na dawo na zauna.

"Iyayenka su zo Asabar ta sama. In akwatinka ya kama wasan Juma'a, ya nuna wa uwarta a ɗaki, ya nuna mana a zaure, kana da sana'a, na ba ka. In bai yi ba, su sha ruwa su koma."

"Kwana goma sha uku, Baba? Ai wannan raina ilimi ne. Kwana biyu sun yi yawa."

Ranar Talata keke napep ya sauke shi daga Sabon Gari da shuɗiyar waya nadi biyu, da babban farantin nan da ake kafawa a kan rufi, da akwatin, da wani ɗan abu mai ƙaho biyu, da injin huda bango, da tsanin aro. Na ba shi izinin shiga tsakar gida kamar kowane ma'aikaci. Amma abu biyu ba sai an faɗa masa ba. Mai neman 'yar gida ba ya taka ɗakin uwarta. In kuma ya hange ta, ko me yake yi, sai ya durƙusa ya gaishe ta. Haka muka tarar.

Fatsuma ta san wannan sarai. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin ta yi zirga-zirga a tsakar gida kamar ranar ba.

Ya hau tsani rungume da faranti, sai ga ta da buta. Ya sauko ya durƙusa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Sannu da aiki, Malam Injiniya."

Ya koma sama. Ta fito da tsintsiya. Ya sauko. Ta shiga, ya hau, ta fito neman murfin tukunya. Ya sauko. A karo na huɗu ba ta ma riƙe komai ba, sama ta fito dubawa ko hadari ya taso. A na biyar ne dabara ta zo masa, ya ce bari ya durƙusa a can inda yake.

Ba a durƙusa a kan tsani. Shi ya faɗa kan kejin kaji, tsanin ya faɗa kansa, farantin kuwa ya dira a kan gefensa ya gangara. Ya bi ta zaure, ya wuce gabana kamar mai sauri, ya fita titi.

Can sai ga Dele da shi a ka. Dele wanzamin zamani ne, shagonsa na askin inji yana manne da bayan gidana, shekara ashirin muna maƙwabtaka.

"Baba Shehu, na wane ne wannan? Ya shigo shagona bai yi sallama ba, ya zauna a layi."

Muntasir ya fito yana ɗingishi, gashin kaza a wuyan rigarsa.

"Gwaji nake yi. Sai an ga yadda yake juyawa kafin a kafa."

"Ya juya kuwa," in ji Dele. "Har ya juyar da mai kunu a kwana."

Sai da Fatsuma ta tafi barkar suna washegari sannan farantin ya hau rufi. Daga nan ya ja shuɗiyar waya daga zaure, ya ratsa tsakar gida da ita daidai tsayin hannun mace, ya ɗaure a jikin bishiyar gwaiba. Ranar Alhamis rana ta fito bayan ruwan kwana biyu. Ina zaune a zaure ina kallon labarai, sai na ga talabijin ta fara tafiya. A hankali take ja da baya, mai labaran yana ta magana bai san ana tafiya da shi ba. Na tare ta a bakin tebur da hannu biyu. Na leƙa ciki, na tarar da zannuwa bakwai da jiƙaƙƙen bargo a kan wayar.

"Igiyar nan ta fi tawa kyau," in ji Fatsuma. "Ba ta sa wa kaya tsatsa."

Muntasir ya zo ya gani, ya riƙe kai.

"Inna, ai hoto ne ke bi ta cikinta!"

"To ya bi mana. Na hana shi ne?"

Saura shigar da waya ɗakinta. Tunda ba zai shiga ya auna ba, sai ya zagaya ta lungun baya da injin huda. Katangar nan doguwa ce, ɗakin Fatsuma da madafa da shagon Dele duk a jikinta suke. Ni na ɗora kowane bulo nata da hannuna, lokacin ina aikin gini. Na bi shi na tsaya. Ya auna da taku, ya lumshe ido ɗaya, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya zana alama da gawayi. Na ga inda ya zana. Na san ya kauce, ban gyara masa ba. Bangon nawa ne, amma jarrabawar tasa ce.

Rami na farko ya faɗa bayan kwabar da take jera tangaran ɗinta na aure. Mun ji ƙarar daga waje, ta daɗe ba ta ƙare ba. Sai kuma shiru. Sai muryarta ta taga.

"Malam, ka tambayi Injiniya ko hoton ne ya shigo."

Rami na biyu ya fito a madafa, ta cikin buhun gari. Na uku ya yi nisa da taku biyar, ya ce nan ne daidai tsakiyar ɗakin, lissafi ba ya ƙarya. Inji ya nutse. Muka ji gilashi ya tarwatse, wani ƙato ya ɓullo ta bakin lungu da zanin aski a wuya, rabin kansa fes, rabi daji, yana salati yana gudu.

Muntasir bai ko waiga ba. Ya cusa waya cikin ramin, ya kanga baki.

"Waya ta shigo?"

Wata 'yar siririyar murya ta amsa daga ciki: "Ta shigo. Ƙaro."

Ya yi ta turawa yana murmushi. Ni dai na san muryar 'yata, na kuma san ta Dele ko ya matse ta. Da Muntasir ya gane, Dele ya riga ya soke wayar a bayan talabijin ɗin shagonsa.

"Zare mini wayata!"

"Ina! Ka fasa mini madubi, ka kore mini rabin kai, yanzu kuma za ka raba ni da baƙuwata? Da ƙafarta ta shigo, Oga Injiniya. Nan za ta zauna."

Ramuka bakwai ya yi a katangar kafin Fatsuma ta gaji.

"Malam, ka ce masa akwai taga. Tun da aka gina ɗakin take nan a buɗe."

"Baba, injiniya ba ya bin taga. Ƙa'ida ce."

Bayan la'asar wata wayar ta bi ta taga. Fatsuma kuma ta kafe a kan tunda wasan nata ne, akwatin da rimot ɗinsa a ɗakinta za su zauna, kusa da gado, gefen 'yar talabijin ɗinta. Ya miƙa wa Nana su ta tagar, kansa a sunkuye, yana faɗin a soka wancan a wancan.

Juma'ar farko akwatin ya kama abu, ba zan ci zalinsa ba. Awa biyu cur na waɗansu Turawa a cikin kwalekwale suna kamun kifi, da wani yare da ko Dele bai sani ba. Fatsuma ta dawo daga Islamiyya ta zauna ta kalle shi tas.

"Yaya?" na ce.

"Mahaukata ne. In sun kama sai su sumbace shi su mayar ruwa."

Muntasir ya ce farantin ne ke kallon Turai, za a juyo da shi gida. Mako guda yana hawa yana juyawa. Juma'a ta biyu ya ce da kansa zai yi gadi. La'asar na yi hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ya hau rufi ya buɗe wa farantin lema, shi yana jiƙewa. Iska ta ɗauke lemar ta yi wajen ƙauyensu Bomo da ita. Sannan aka ɗauke wuta.

Ya sauko yana ɗigar ruwa, ya tari ɗan acaba. Kafin magariba ya dawo, wuta ma ta dawo. Ya tsaya a bakin tagar Fatsuma yana ta danne-danne a wayarsa ta hannu, sannan ya zo zaure yana haƙi.

"An kama, Baba. Tsaf."

"Ba wuta?"

"Akwatin yana da ajiyar numfashi."

Daga baya muka san abin da ya yi. Sabon Gari ya je aka zuba masa wasan a wayarsa, ya zo ya tura cikin akwatin ta wannan abu mai ƙaho biyu. Sai dai bai iya zaɓar abu ɗaya ya tura ba. Duk abin da ke cikin wayar ya kwashe ya zuba.

Ranar Asabar da hantsi kawunnansa uku suka iso daga Bomo da ƙwaryar goro. Na kira ƙanena da limamin unguwa. Matan layinmu suka cika ɗakin Fatsuma har bakin gado. Dele kuwa, da yake wayarsa ma tana haɗe da akwatin, tun jiya ya yi shela, shagonsa ya cika da masu aski da waɗanda ko gashi ba su da shi.

Muntasir ya sha babbar riga, biro ukun nan sun koma aljihun ciki amma ya bar kawunansu a waje. Ya tsaya kusa da talabijin ya yi jawabi. Ya ce yau gidan Malam Shehu ya shiga sahun gidajen duniya. Ya ce duk mai so a yi masa ya rubuta suna, amma a yi haƙuri, layi da tsawo. Babban kawunsa yana ta kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya juya wajen cikin gida ya ɗaga murya.

"A danna!"

Aka danna.

Ba wasan ba ne. Wani shago ne cike da wayoyi, da wata mata mai tabarau tana riƙe da irin akwatin nan namu. Kowa ya gane ta. Oluoma ce mai kayan lantarki ta wajen Muchia, haifaffiyar Zariya, Hausa a bakinta har ta fi ta wasunmu.

"Riƙe wayar da kyau ka ɗauka," in ji ta a cikin talabijin, "don na gaji da maimaitawa. Wannan ramin na wuta ne. Wannan na wayar faranti. Faɗi in ji."

Sai muryar Muntasir, shi ke ɗauka: "Wannan na faranti..."

"Na wuta! Oga Muntasir, haka ka ƙone ɗaya jiya!"

"To, Madam, shi akwatin, ina ne samansa?"

Ta cikin ramukan katanga muka ji shagon Dele ya fashe da ihu.

"Talla ce," in ji Muntasir. "Yanzu za ta wuce."

Ba ta wuce ba. Oluoma ta ajiye akwatin ta riƙe ƙugu.

"Wai me ya kai ka? Kai da duk Bomo ba mai albasa irin taka, ka zo kana wahalar da ni?"

"Madam, ba ki ga tsohon ba ne. Fuskarsa kamar bangon da ba a yi wa filasta ba. Da ya tambaye ni sana'a, sai na ji in na ce albasa tashi zai yi ya shige gida. Amma kada ki damu, bai san komai ba. Ko gwangwanin madara na liƙa wa fitila, zai ce na'ura ce."

"Uwar fa?"

"Ita kam ta gano ni. So take gwiwata ta mutu kafin a ɗaura."

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ƙanena ya fita waje da gudu, ya ce fitsari. Muntasir ya danna duk abin da ke jikin talabijin ɗina, sai muryar ta ƙaru. Ya zare ta daga wuta, ta mutu. Amma ta ɗakin Fatsuma da ta Dele suna nan suna yi, har bakin titi ana ji. Akwatin ne ke aikin, akwatin kuwa yana gefen gadon surukarsa.

Ya tattara babbar riga ya ruga tsakar gida. Muka bi shi zuwa bakin zaure. Ya isa ƙofar ɗakin a guje, ya ci birki a kan dokin ƙofa kamar an ja masa linzami.

"Salamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Ni ne, Inna!"

Ta ɗaga labule ta fito. Dole ya zube ƙasa.

"Ina kwana, Inna. Don Allah a danna jan..."

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Ba gajiya. Jan maɓallin nan na..."

"Ya mutanen Bomo? Ya ruwa? An ce bana ya yi muku yawa."

"Alhamdulillahi, Inna, rimot ɗin..."

"Ya gwiwa?"

A bayanta Oluoma tana cewa, "A'a! Ba da haƙori ake feƙe waya ba!" Mata suna ta faɗawa kan juna.

"Inna, a taimaka a kashe!"

"Mu? Mu da ba injiniyoyi ba? Mu taɓa mu ɓata maka aiki? Da dai kai ne ka shigo." Ta matsa gefe ta buɗe masa labule sosai. "Bismillah."

Ya dubi cikin ɗakin. Ya waigo ya ga kawunnansa uku da liman da ni, duk mun zuba masa ido. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, babban kawun ya yi gyaran murya, ya mayar da ita. Sai ya tashi ya cafki wata shuɗiyar waya da ke lilo a jikin bango, ya finciko da ƙarfinsa duka. Ba ta akwatin ba ce. Farantin ne ya taso daga kan rufi da kwanon rufi ɗaya a bayansa, ya faɗa cikin randar ruwa.

Hoton bai ko girgiza ba. Sai da ya kai ƙarshe don kansa.

Muka koma zaure. Muntasir ya durƙusa can bakin ƙofa, rigarsa sharkaf. Babban kawun ya share hawayen dariya da hannun riga, ya jawo ƙwaryar goro gabansa.

"Malam Shehu, sharaɗi sharaɗi ne. A ba mu ruwan mu sha."

"Albasar gaskiya ce?"

"Fadama biyu da rumbu, tun yana saurayi. Ko a Sabon Gari ka ce albasar Muntasir an sani. Wannan injiniyan ne ba mu sani ba. Da yake jawabi ɗazu, mun zaci wani ake jira."

Na aika aka kira Nana. Bazawara da bakinta ake tambayarta. Ta tsaya a bayan ƙofa.

"Kin san da wannan?"

"Baba, ni a kasuwar Samaru na san shi, a kan buhun albasa. Sai da ya fito daga zaurenka na ji ya zama injiniya."

"Me ya hana ki magana?"

"Inna ce ta ce in bari. Wai ta daɗe ba ta yi dariya ba."

"Har yanzu kina so?"

Sai ta ce, "In dai zai bar hawa rufi."

Ba na warware magana, kowa a unguwar nan ya sani. Na dubi Muntasir.

"Injiniya."

"Na'am, Baba." Da ƙyar aka ji shi.

"Ka faɗi. Ban ba ka ba. Tashi ka fita."

Ya tashi a sanyaye, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Kawunnan suka fara naɗe riguna.

"Ku zauna," na ce. Na ɗaga murya yadda za a ji a waje. "In akwai mai albasa a ƙofar gidan nan, ya yi sallama."

Ba a fi ƙiftawar ido ba muka ji sallama. Ya shigo ya zube, kansa har ƙasa.

"Ramuka bakwai," na ce. "Siminti da yashi. Ni zan tsaya a kanka."

"Baba, ai toshe rami ni gwani..."

Kawun ya kai masa rankwashi.

Na sa hannu na karɓi goron. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai daga cikin gida, da kuma ta shagon Dele, muka ji murya ta tashi lokaci ɗaya: "Riƙe wayar da kyau ka ɗauka." An mayar da shi farko.

Muntasir ya ɗago ya dube ni kamar zai yi kuka.

"Baba, don girman Allah ka ce a kashe."

Na leƙa tsakar gida.

"Fatsuma!"

"Na'am, Malam?"

"Ƙara murya. Wajen filastan nan ban ji shi sosai ba."